Daga bushin zuwa boris: yadda ake sabunta ƙafafun gaban motar yankan ciyawa

Motar yankan ciyawa, wadda mutum ke hawa yana tuƙawa kamar ƙaramar tarakta, ba kasafai injinta ke fara gajiya ba. Ƙafafun gaba ne ke fara nuna tsufa. Sitiyari ya yi nauyi, tayoyin su karkace kamar mai gwame, a riƙa jin ƙara a duk kwanar da aka sha, motar kuma ta daina bin layi sosai har ta riƙa barin tsirin ciyawa a bayanta. Da yawa daga masu irin wannan mota sukan ɗora laifin a kan wuƙa, su wasa ta, su canja bel, amma matsalar tana nan yadda take.

A Amurka, inda wannan mota ta zama kayan gida ga masu faffaɗan fili, akwai gyaran da ya yi suna a tsakanin masu son taɓa kayansu da hannunsu: a cire bushin ɗin da kamfani ya sa a wilin gaba, a maye gurbinsa da boris, sannan a ɗora sababbin tayoyi. Aikin bai wuce na yini guda ba, kayan aikinsa kuma ba su fi ƙarfin ƙaramin gareji ba. Sai dai nasararsa gaba ɗaya tana rataye ne a kan awo. Wanda ya sayi kaya kafin ya auna, zai iya kashe kuɗinsa ya ƙare da tayar da ta fi ta da rawa.

Inda kamfanoni ke rage kuɗi

Injin yankan ciyawa ya samo asali ne daga Ingila, inda Edwin Budding ya ƙirƙiro na turawa a shekarar 1830. Na hawa ya bazu ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da unguwannin bayan gari masu manyan filaye suka yawaita. Kamfanin John Deere ya fitar da ƙaramar taraktarsa ta farko, samfurin 110, a shekarar 1963 a jihar Wiskonsin. A yau, manyan shaguna irin su Home Depot da Lowe's cike suke da samfuran John Deere, Husqvarna, Craftsman, Cub Cadet da Troy-Bilt, yawancinsu masu faɗin yanka inci 42, da injin Briggs & Stratton, Kohler ko Kawasaki a gaba.

Gasar farashi a wannan rukuni tana da zafi, don haka kowane kamfani yana neman inda zai rage kuɗi ba tare da mai saye ya lura a shago ba. Wilin gaba yana cikin wuraren da aka fi yin haka. A maimakon boris, ƙananan samfura da yawa suna zuwa ne da bushin biyu a kowane wili, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki. Bushin ɗan gajeren bututu ne na roba mai tauri ko na garin ƙarfe da aka matse, mai leɓe a baki ɗaya don kada ya shige cikin wili. Shi ne ke gogar sandar ƙarfen da taya ke juyawa a kanta kai tsaye.

Wannan zaɓi yana da hujjarsa. Tayar gaba mai tsayin inci 15 tana cin kimanin mita 1.2 a kowane juyi. Gudun irin wannan mota bai cika wuce kilomita 9 a awa ba, wato mita 150 a minti ɗaya. Idan aka raba, tayar tana juyawa sau 125 ne kawai a minti, alhali injin yana juyawa sama da sau 3,000. A wannan ɗan gudu, bushin da ke samun giris a kan kari zai yi shekaru yana aiki. Matsalar ita ce mutane ƙalilan ne ke tunawa da giris ɗin. Idan ya bushe, ƙura da yashi suka shiga suka haɗu da ragowarsa, sai su zama kamar sanfefa, su riƙa cin bushin ɗin da sandar a lokaci guda.

Abin da boris ke canjawa

Boris zobe biyu ne, na ciki da na waje, da ƙananan ƙwallayen ƙarfe a tsakaninsu. Zoben waje yana maƙale da wili yana juyawa tare da shi, zoben ciki kuma yana zaune a kan sanda ba ya motsi. Ke nan duk juyin yana faruwa ne a cikin boris ɗin kansa, babu abin da ke gogar sandar. Wannan ita ce babbar ribar gyaran. Sauƙin tura motar da hannu da raguwar ƙara suna biyo baya, amma abin da ya fi su daraja shi ne sandar ta daina cinyewa, domin ita ce mai tsada da wuyar samu. Boris kuwa ana canja shi da guduma da sokat cikin 'yan mintuna.

Duk da haka boris yana da nasa rauni. A mafi yawan waɗannan motoci, kaurin sanda inci 3/4 ne, ramin wili kuma inci 1 da 3/8. Tazarar da ke tsakani ba ta kai milimita 8 ba, kuma a cikinta ne zobe biyu da ƙwallaye za su samu wuri. Saboda haka ƙwallayen ƙanana ne, ba sa son duka. Motar tana da nauyin kusan kilo 200, injin yana zaune a saman aksil ɗin gaba, babu kuma sifirin da zai rage jijjiga. Duk saiwar bishiya ko bakin kwalbati da taya ta daka, ƙwallayen ne ke sha. Ga kuma matsin gefe da ke zuwa a kowace kwana da kan gangara. Idan boris ya lalace har ya kame, zoben cikinsa zai fara juyawa a kan sanda, kuma da yake ƙarfensa ya fi na sandar tauri, ɓarnar da zai yi ta fi ta busasshen bushin sauri.

Akwai kuma bambanci tsakanin boris da boris. Mafi araha shi ne irin na baro, wanda aka naɗe da falle-fallen ƙarfe, kuma tun yana sabo yana da ɗan wasa. Mai kyau shi ne wanda aka fere zobensa daga ƙarfe mai kauri, aka toshe gefensa biyu da sil na roba. A hannu ma ana gane su: mai kyau ya fi nauyi, yana juyawa a hankali ba tare da kwaramniya ba. A nan araha ba ta ado.

A fara gano inda rawar take

Kafin a sayi komai, sai a tabbatar da cewa bushin ne ke da laifi. A ajiye motar a kan siminti mai lebur, a ja burki, a zare makulli, a cire wayar fulogi, a sa dutse ko katako a bayan tayoyin baya. A ɗaga gaban da jak, sannan a tokare firam da ƙarfen tallafi ko katako mai kauri. Kada a bar nauyin a kan jak shi kaɗai.

Daga nan sai a kama taya da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a girgiza ta ana kallon bayanta. Wurare uku ne rawar kan fito. Idan wili ne ke motsi sanda tana tsaye, bushin ne ya cinye, kuma shi ne wannan gyara ke magancewa. Idan sandar gaba ɗaya ce ke motsi a inda ta ratsa aksil ta miƙe sama, matsalar tana can, kuma boris ɗin wili ba zai taɓa ta ba. Idan kuma aka kama taya ta gaba da baya aka ji tana kaɗawa hagu da dama sitiyari bai motsa ba, sai a duba tayarod, boljoyin da haƙoran sitiyari. Tsohuwar mota takan haɗa biyu ko ma duka ukun, don haka yana da kyau mutum ya san girman aikin tun kafin ya buɗe aljihu.

Cire wilin ba shi da wuya. Akwai hular roba a tsakiya da ake ɓanɓarewa da sukudireba, a ƙarƙashinta akwai kilif mai siffar harafin E, a wasu kuma fil mai ƙafa biyu, sai washa ɗaya ko biyu. Kilif ɗin yana da tsalle, gara a rufe shi da tsumma yayin cirewa. Hikima ce a ɗauki hoto da waya a kowane mataki, domin jerin washa da gefen da bawul yake kallo suna da sauƙin mantawa.

Awo huɗu kafin saye

Abin da ake buƙata shi ne kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu da ke nuna kauri har zuwa ɗigon milimita. Na dijital ba shi da tsada, kuma yana sauya inci zuwa milimita da maɓalli ɗaya.

Awo na farko shi ne kaurin sanda. A goge ta tas, a auna ta a wurare biyun da bushin ke zama. Nauyin motar yana danna sandar ne ƙasa, don haka cinyewar tana faruwa ta ƙarƙashinta, inda ido ba ya kaiwa. A auna daga sama zuwa ƙasa, a sake aunawa daga gefe zuwa gefe. Lafiyayyar sandar inci 3/4 za ta nuna kusan milimita 19 ta kowace fuska. Idan awon biyu suka bambanta sosai, ko farce ya ji tudu da kwari a ƙarƙashi, sandar ta tashi daga zagaye. Boris ba zai zauna daidai a kanta ba, zoben ciki zai riƙa rawa, kuma taya za ta ci gaba da karkata. Maganin shi ne sabuwar sanda. Ƙananan motoci wasunsu suna da sanda inci 5/8, kusan milimita 16, saboda haka kada a ɗauka duka ɗaya ne.

Na biyu shi ne faɗin ramin wili bayan an fitar da bushin. Inda aka daɗe ana tuƙi bayan bushin ya ƙare ƙurmus, sanda takan ci bakin ramin ya zama kamar ƙwai. Irin wannan wili ya gama aiki. Na uku shi ne tsayin bututun tsakiyar wili, wanda a yawancinsu yake kusan inci 3, da kuma ko yana tsakiya daidai ko ya fi fitowa ta gefe ɗaya. Na huɗu shi ne tsayin sandar daga kafaɗarta zuwa tsagin da kilif ke shiga. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ke nuna yawan washar da za a buƙata, kuma su ne ke da muhimmanci idan za a sayi wili sukutum da tayarsa.

A nan akwai tarko ga wanda ke kula da irin wannan mota a Najeriya, Nijar ko Gana, inda tsofaffinsu ke shigowa daga Amurka suna aiki a filayen ƙwallo, otal-otal da harabar makarantu. Boris ɗin da ya cika kasuwannin kayan gyara a waɗannan ƙasashe na awon milimita ne. Lamba 6202, wanda masu gyaran fanka da babur suka sani, faɗinsa milimita 35 ne, kusa ƙwarai da ramin wili mai 34.9, amma ramin cikinsa 15 ne kawai. Lamba 6003 shi ma 35 ne ta waje, 17 ta ciki. Masu rami 20, wato 6004 da 6204, sun fi sandar faɗi da kusan milimita guda, ta waje kuma 42 ne da 47, ba za su shiga wilin ba. Wani zai ba da shawarar a kai sandar wajen masu injin fere ƙarfe a rage ta zuwa 17. Lissafi bai goyi bayan haka ba: ƙarfin sanda wajen jure lanƙwasa yana bin kaurinta ne sau uku a ninke, don haka rage ta daga 19 zuwa 17 yana zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinta. Ban da haka, waɗannan boris ba su da leɓen da zai hana su nutsewa cikin bututun. Abin da ya dace shi ne a nemo mai leɓe na awon inci, ko da sai an yi odarsa. Motocin da aka ƙera a Turai kuwa sukan zo da awon milimita, wanda hakan wani dalili ne na aunawa. Lambar samfurin motar tana kan takardar da ke manne a ƙarƙashin kujera ko a jikin firam, da ita ake neman kayan gyara na asali.

Sanya boris

Ana fitar da tsohon bushin ne ta hanyar zura dogon ƙarfe ta ɗaya bakin bututun, a riƙa bugun gefensa ana zagayawa har ya faɗo. A wanke bututun da kananzir a fitar da tsohon giris da yashi, a goge tsatsa da sanfefa mai laushi. Sandar ma a goge ta, amma da sauƙi, domin ana so boris ya zame a kanta da hannu ba tare da ya yi sako-sako ba.

Wasu sukan sa boris a firiza na awa ɗaya ko biyu kafin aiki, saboda sanyi yana ɗan tsuke ƙarfe. Wajen bugawa, doka ɗaya ce: ƙarfin ya sauka a kan zoben waje kaɗai. A ɗora sokat mai faɗin leɓen, ko guntun katako mai lebur, a riƙa bugawa a hankali ana duba cewa yana shiga a miƙe, har leɓen ya zauna a bakin bututun. Bugun zoben ciki yana sa ƙwallaye su yi wa hanyarsu tabo, boris ɗin ya fara gurnani tun ranar farko.

Wajen mayar da wili, washar da ke kowane gefe ya kamata ta taɓa zoben ciki kawai. Idan ta yi faɗi har tana gogar zoben waje ko sil, za ta riƙa riƙe tayar tana cin robar. Kaurin leɓen boris ba lallai ya zo daidai da na bushin ba, saboda haka akan ƙara siririyar washa ko a rage. Abin da ake nema shi ne kilif ya shiga tsaginsa sosai ba tare da an tilasta shi ba, wili kuma ya kasance da ɗan wasan shiga da fita da bai wuce kaurin katin banki ba. Matsewa fiye da haka yana danne ƙwallayen ta gefe.

Sai maganar giris, wadda masu gyara suka rabu biyu a kanta. Wilin yana da nonon giris a jikin bututunsa, an yi shi ne don bushin. Boris mai sil biyu ya zo da nasa giris, kuma wanda aka tura ta nonon ba zai kai ga ƙwallaye ba. Wasu sukan bar shi haka, su shafa wa sandar giris kaɗan don hana tsatsa. Wasu kuma sukan ɓanɓare sil ɗin da ke kallon cikin bututun kafin su sa boris, ta yadda giris ɗin da aka tura zai ratsa ƙwallayen. Hanya ta biyu ta fi dacewa da wuri mai ƙura ko damshi, amma tana son a tura a hankali, domin famfon giris yana da ƙarfin da zai iya tunkuɗo sil ɗin waje. Giris ɗin litiyam mai lamba 2 shi ne aka saba amfani da shi. Kowace hanya aka bi, kada a nufi tsakiyar wili da injin wanki mai feshi da ƙarfi, yana cusa ruwa ta bayan sil.

Karanta lambobin taya

A kuncin tayar gaba, lambar da aka fi gani ita ce 15x6.00-6. Ma'anarta tsayin taya inci 15, faɗinta inci 6, wilin da take hawa kuma inci 6. Haruffan NHS da ke biye suna nuna cewa ba tayar hawa titi ba ce. Akwai kuma lambar da ke nuna ƙarfin jikinta, falle 2 ko falle 4. Yawancin motoci suna fitowa daga kamfani da mai falle 2, mai laushi da araha. Mai falle 4 ta fi kauri, kuncinta ba ya lanƙwashewa a kwana, ta kuma fi jure ƙaya. Ga mai fili da ke da tsidau, wanda ya addabi yammacin Amurka kamar yadda ya addabi ƙasar Hausa, wannan shi ne canjin da ya fi biyan kuɗinsa. Carlisle da Kenda suna cikin sunayen da aka sani a wannan fanni.

Zanen taya ma yana da tasiri. Tayoyin gaba ba su ke jan motar ba, aikinsu juya ta, don haka manyan haƙora irin na taraktar gona ba su da amfani a nan, sai dai su tumɓuke ciyawa a kwana. Zane mai ƙananan dabbare-dabbare da kafaɗa mai zagaye shi ne na gama-gari. Mai layuka a tsaye yana riƙe hanya da kyau, yana kuma sa sitiyari sauƙi.

Akwai tayar da ba ta shan iska, wadda aka cika da soson roba mai tauri. Ba ta faci har abada, kuma sau da yawa ana sayar da ita haɗe da wili da boris a ciki, wanda ke rage aiki sosai idan awon bututun ya dace. Amma tana da tauri, duk jijjigar ƙasa tana miƙa ta ga boris da bayan mai tuƙi, idan kuma ta daɗe a tsaye wuri ɗaya takan yi lebur ta gefen da ke ƙasa. Ga mai son laushin iska da kariya daga ƙaya, ruwan toshe huji irin na Slime yana aiki a tayar da ba ta da tub. Tub kuma shi ne maganin wilin da tsatsa ta ci bakinsa har iska na zurarewa.

Ko da ɗaya ce ta lalace, a canja biyun tare. Tayoyin kamfanoni daban-daban masu lamba ɗaya ba sa zuwa da tsayi ɗaya daidai.

Ɗora taya da ba ta iska

Ƙaramar taya ta fi babba gardama. A tsakiyar wili akwai kwari, kuma sai an danna bakin taya ta gefe ɗaya ya faɗa cikin kwarin kafin ɗaya gefen ya yarda ya haye. A shafa ruwan sabulu, ban da man inji ko giris, domin suna lalata roba. A canja bawul tun da wilin yana tsirara. Wanda bai saba ba, ya kai wa mai faci, ba abin kunya ba ne.

Sababbin tayoyi sukan iso a matse, bakinsu biyu a haɗe, har iska ta ƙi kamawa. Dabarar ita ce a tokare bakin da guntayen katako a bar ta a rana ta buɗe. Idan an ɗora ta, a zagaye ta da bel ɗin ɗaure kaya a matse tsakiyarta, bakin zai bazu ya taɓa wili. Da zarar iska ta kama, a saki bel ɗin kafin a ci gaba. Dabarar nan ta fesa fetur a ciki a kunna ashana, wadda ake gani a bidiyoyin intanet, tana jawo ƙuna da fashewar taya, a nisance ta.

Iskar da ake so kaɗan ce. Litattafan motoci da yawa a wannan rukuni suna cewa psi 14 a gaba, 10 a baya. Lambar da ke kuncin taya, wadda a mai falle 4 kan kai 30, iyaka ce da ba a wucewa, ba ita ake bi wajen aiki ba. Cikin tayar ƙarami ne, babban kwamfuresa yana cika ta cikin daƙiƙu, saboda haka a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Gejin mota ba ya karanta ƙaramar iska daidai, gara a nemi wanda iyakarsa 30.

Mataki na ƙarshe da ake yawan tsallakewa

Kaskon da wuƙaƙe ke ciki yana rataye ne a jikin firam, firam kuma yana zaune a kan tayoyi. Sabon boris da sabuwar taya suna ɗaga gaban motar daga inda ya saba zama, don haka kaskon yana buƙatar sabon saiti. Aksil ɗin gaba yana lilo ne a kan ƙusa ɗaya a tsakiya, shi ya sa tayoyin gaba suka fi shafar karkatar kasko daga gaba zuwa baya, na baya kuma su ke riƙe da daidaiton hagu da dama. Wanda ya ga gefe ɗaya na yankansa ya fi ɗaya tsayi, ya fara gwada iskar tayoyin baya.

A kan siminti mai lebur, bayan an daidaita iskar tayoyi huɗu kuma wayar fulogi tana cire, a sa safar hannu a juya wuƙaƙe su kalli gefe, a auna tsayin bakinsu na waje daga ƙasa. Bambancin hagu da dama kada ya wuce milimita 3. Sannan a juya wuƙa ta kalli gaba. Bakinta na gaba ya kamata ya fi na baya kusa da ƙasa da kimanin milimita 3 zuwa 6, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Idan gaban ya fi tsayi, wuƙar za ta yanki ciyawa sau biyu, injin ya sha wuya, mai ya ƙone a banza.

Wannan ne ma ya sa sauya girman taya yake buƙatar tunani. Tashi daga inci 15 zuwa 16 yana ɗaga aksil da rabin inci, kusan milimita 13, wanda ya ninka duk karkatar da ake so kaskon ya yi. Tayar 16x6.50-8 kuma tana buƙatar wili mai inci 8, tana iya gogar kasko ko firam idan an karya sitiyari har ƙarshe. Ga yawancin mutane, tsayawa a girman asali da ƙara yawan falle ya fi kwanciyar hankali.

Wa gyaran ya dace da shi?

Mai ƙaramin fili mai laushi, wanda ke bin ƙa'idar giris a kowace awa 25 ta aiki kamar yadda litattafai da dama ke cewa, zai iya sa sabon bushin ya ci gaba da harkarsa. Boris ya fi amfani ga wanda motarsa ke aiki awanni masu yawa, ko take jan ƙaramar tirela, ko kuma hannaye da yawa ke tuƙa ta babu mai tuna giris, kamar ta makaranta ko filin wasa. A fili mai duwatsu da ramuka, duk wanda aka zaɓa sai an riƙa duba shi.

Akwai kuma batun lafiyar mai tuƙi. Litattafan waɗannan motoci suna hana hawa gangarar da ta wuce digiri 15, suna kuma cewa a bi ta sama da ƙasa maimakon a ratsa ta a kwance. A kan gangara, tayar da ke rawa ko kilif ɗin da bai zauna a tsaginsa ba yana iya sa wili ya fice, kuma wuƙaƙe suna juyawa a ƙarƙashin mutum. Saboda haka bayan awa biyu ko uku na farko da gyaran, a sake ɗaga gaban, a girgiza kowace taya sama da ƙasa, a juya ta a saurara, a kuma tabbatar kilif yana nan daram kafin a mayar da hular roba.